HORAR DA KARE A TSAKAR GIDA LOKACIN HUNTURU: DARASI DAGA KACHALLA SEMBE

1.0 Gabatarwa

Na san da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su ga kan wannan maƙala su yi murmushi, su ce duk batutuwan da ke cikin harshe da adabi da al'ada an rasa abin da za a yi rubutu a kai sai kare? Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri, ya daure ya bi ni zuwa ƙarshe. Kare dai tsohon abokin zaman Bahaushe ne. Da shi yake farauta, shi ke yi masa gadin gida da garke, kuma ya cika karin maganarmu da tatsuniyoyinmu. Amma duk da wannan daɗewar zama, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu abin da kare yake bukata bayan ragowar tuwo da sarƙa.

Abin da ya jawo wannan rubutu wani al'amari ne da ya faru a gidanmu da ke unguwar Kachalla Sembe a cikin garin Jalingo, babban birnin Jihar Taraba. Da na koma gida hutun watan Disamba na bara, sai na tarar da karenmu, wanda ƙanena ya raɗa wa suna Duna saboda baƙinsa, ɗaure da sarƙa a gindin mangwaro, ya rame, duk ya fita hayyacinsa. Aka shiga karanto mini laifuffukansa: ya tona ramuka a jikin katanga, ya tauna takalman baƙi, ya yayyaga tabarmar Inna, ya hana unguwa barci da haushi. Mafi muni, ranar da ya tsinke sai ya faɗa gidan maƙwabta ya kashe kaji biyu. Mahaifinmu ya biya kuɗin kajin, ya ba da haƙuri, sannan ya yanke hukunci: in har na tashi komawa makaranta Duna bai shiryu ba, za a miƙa shi ga masu sayen karnuka. Duk wanda ya san wannan yanki ya san inda irin wannan tafiya take ƙarewa, domin akwai kasuwannin karnuka irin ta Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, kuma karen da ya shiga motar fatake ba gadi za shi ba. Ƙanena ya kwana yana kuka. Ni kuwa mako biyar ke gare ni.

Wannan maƙala za ta bayyana abin da na koya a cikin waɗannan makonni, daga bakin kawuna wanda tsohon mafarauci ne, da kuma daga binciken masana halayyar dabbobi. Za ta duba dalilin da ya sa kare ke ɓarna a hunturu, da ƙa'idojin horo, da wasannin da za a iya yi a tsakar gida ba tare da an kashe ko sisi ba.

2.0 Hunturu da Halin da Kare ke Shiga

Hunturu, kamar yadda aka sani, lokaci ne da busasshiyar iska mai sanyi ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta taso daga hamadar Sahara ɗauke da ƙura. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi yake tasowa. Galibi yakan kama daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. A Jalingo sanyin bai kai na Jos ko na tsaunin Mambila ba, amma da asuba yana ratsa ƙashi, kuma akwai ranakun da hazo ke rufe duwatsun da ke gefen gari har a daina ganinsu.

A ƙasashen Turai da arewacin Amurka, ƙanƙara ce da saurin faɗuwar rana ke hana mutane fita da karnukansu a lokacin sanyi, shi ya sa suka ƙirƙiro wasanni iri-iri na cikin ɗaki. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da namu dalilan da ke sa a tsare kare a gida a wannan lokaci:

(a) An gama girbi, masara da shinkafa da gyaɗa da barkono duk suna shanye a ƙofar gidaje. Sakakken kare a irin wannan lokaci rigima yake jawowa.

(b) A unguwarmu an fi kukan ɓatan karnuka a ƙarshen shekara, don haka mai kare ba ya sakin jiki.

(c) Lokaci ne na ƙunar daji da ɗana tarko da zuba guba don ɓeraye da gafiya, kuma kare mai yawo shi ne farkon faɗawa.

(d) Karen da ke yawo yana cuɗanya da waɗanda ba a taɓa yi wa allurar rigakafin haukan kare ba.

(e) Su kansu mutanen gida sanyi da ƙura kan sa su shige ɗaki da wuri. Yaran da suka saba zagayawa da shi da yamma sun daina.

Abin lura shi ne, ga karen farauta na ƙauye, hunturu da rani su ne lokacin aikinsa, domin ciyawa ta bushe, gonaki sun zama fili. Shi kuwa karen birni jininsu ɗaya da wancan, kwaɗayin gudu da bin sawu duk yana jikinsa, amma a daidai lokacin ne ake ɗaure shi. Ya kamata kuma in fayyace cewa in na ce cikin gida, ba ina nufin ɗakin kwana ba. A al'adarmu kare ba ya shiga ɗaki. Ina nufin tsakar gida da zaure da rumfa da bayan ɗaki.

3.0 Me ya sa Ɗaurarren Kare ke Ɓarna?

Washegari na tafi wurin kawuna. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, karen nan namu ya lalace. Ko kuna da wani magani da za a ba shi ya natsu?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wane aiki kuke ba shi?"

Na ce, "Gadi."

Ya ce, "Gadi ai da dare ne. Da rana fa? Kai in aka ɗaure ka a gindin bishiya wata guda, ba littafi ba abokin hira, me za ka yi wa tabarmar da ke kusa da kai? Karenku ba mugu ba ne, zaman banza ne ya yi masa yawa. Maganinsa aiki. Ka gajiyar da hancinsa, ƙafafunsa za su kwanta da kansu."

Da na bincika, sai na tarar masana ba su kauce wa maganar Kawu ba. Mu mutane da ido muke karanta duniya, kare kuwa da hanci. An ƙiyasta cewa ɗan Adam yana da ƙwayoyin jin wari kimanin miliyan 6 a hancinsa, alhali na wasu karnukan sukan kai miliyan 300. Bahaushe ma ya lura da wannan tun da daɗewa, shi ya sa yake cewa in ka ga kare na sunsunar takalmi, ɗauka zai yi. Ga kare, sunsuna aiki ne na ƙwaƙwalwa, kuma yana gajiyar da shi kamar yadda karatun jarrabawa ke gajiyar da ɗalibi.

Ƙwaƙwalwar tasa kuma ba ƙarama ba ce. A shekarar 2011 wasu masana biyu a Amurka, John Pilley da Alliston Reid, sun wallafa rahoto a kan wata karya mai suna Chaser wadda ta haddace sunayen abubuwa 1,022, tana ɗauko kowanne in an ambace shi. Dabbar da ke da irin wannan basira, in aka bar ta ba abin yi, dole ta ƙirƙiro wa kanta aiki, kuma aikin nan shi ne tonon rami da taunar takalmi da haushin banza.

Ita ma sarƙar tana da nata sharrin. Wani bincike da aka gudanar a birnin Denver na Amurka, aka wallafa a shekarar 1994, ya nuna cewa yiwuwar cizo ta ninka kusan sau uku a wurin karnukan da ake ɗaurewa da sarƙa. Dalili a fili yake: dabbar da ba ta da hanyar gudu in ta tsorata, haƙori kaɗai ya rage mata.

4.0 Ƙa'idojin Horo

Horar da kare ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 4 a cikin Suratul Ma'ida ta yi magana a kan dabbobin farauta da aka horar, kuma malaman fiƙihu sun bayyana alamomin horarren kare: in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya, wasunsu suka ƙara da cewa in ya kama ba ya ci. Mai karatu zai ga cewa darussan da ke tafe duk a kan waɗannan abubuwa uku suka ginu.

A ɓangaren kimiyya kuwa, Ivan Pavlov na ƙasar Rasha, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1904, ya nuna cewa kare yana danganta wata alama da abin da ke biyo bayanta, har miyau ya riƙa zubo masa da jin alamar kafin abinci ya iso. Daga baya B. F. Skinner na Amurka ya nuna cewa duk aikin da lada ya biyo bayansa, dabba za ta maimaita shi. Daga waɗannan ne, da kuma nasihar Kawu, na tsamo ƙa'idoji shida:

1. Lada nan take. In kare ya yi daidai, a ba shi ladansa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In aka jinkirta, ba zai san abin da aka saka masa a kai ba. Ni na zaɓi kalmar "Yauwa!" Da zarar ya yi daidai sai in faɗe ta, sannan lada ya biyo. Cikin kwana biyu Duna ya gane cewa "Yauwa" albishir ce.

2. Lada ƙarami. Gutsuren ƙuli-ƙuli marar yaji kamar ƙwayar wake, ko ƙanzo, ko tsokar busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. A cire shi daga cikin abincinsa na yini, ba ƙari ba.

3. Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya. In ni na ce "zauna", ƙanena ya ce "yi ƙasa", Inna ta ce "kai, natsu", to mun rikita shi. Duk gida a yi ittifaƙi a kan kalma guda.

4. Gajeren darasi. Minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a yini, kafin cin abinci ba bayansa ba. Ƙosasshen kare ba ya karatu.

5. A rufe da nasara. In ya kasa sabon darasi, a koma wanda ya iya, a yaba masa, sannan a tashi.

6. Ban da duka. A shekarar 2004 wasu masana a Jami'ar Bristol ta Ingila sun yi nazari a kan masu karnuka 364, suka gano cewa waɗanda ke horo da lada karnukansu sun fi biyayya, waɗanda ke horo da azaba kuwa nasu sun fi yawan munanan halaye. Kawu ya taƙaita mini da cewa, "Karen da ka saba wa sanda, sandar yake kallo, ba kai ba."

Ga wanda ke ƙyamar miyan kare ya taɓa hannunsa ko tufafinsa, ba dole sai an ba shi a baki ba. Ana iya jefa masa a ƙasa, ko a miƙa da tsohon ludayi da aka keɓe masa. A ware masa kwanonsa, a kuma wanke hannu da sabulu bayan kowane darasi.

5.0 Kalmomi Shida da ya Kamata Kowane Kare ya Sani

5.1 Zauna: A riƙe lada daidai hancinsa, a ɗaga shi a hankali ta saman kansa zuwa baya. Garin bin ladan da hanci, gindinsa zai sauka ƙasa da kansa. Yana zama sai a ce "Yauwa", a ba shi. Bayan an maimaita kamar sau goma, sai a fara furta "zauna" kafin a ɗaga hannu. Kada a danna bayansa da ƙarfi.

5.2 Kwanta: Yana zaune, a sauke ladan zuwa ƙasa tsakanin ƙafafunsa na gaba, a ja shi gaba kaɗan. Ƙirjinsa na taɓa ƙasa sai a yaba.

5.3 Tsaya: Yana zaune ko kwance, a nuna masa tafin hannu a ce "tsaya". A fara da daƙiƙa biyu, sannan biyar, sannan taku ɗaya baya, har a kai ga shiga zaure a dawo yana nan. Sannu ba ta hana zuwa.

5.4 Zo: A fara da doguwar igiya. A kira sunansa a ce "zo" da sakin fuska, in ya iso a ba shi lada mafi daɗi. Babban kuskure shi ne a kira kare don a dake shi ko a ɗaure shi. Wanda ya yi haka ya koya masa cewa amsa kira asara ce.

5.5 Bari: Wannan ita ce kalmar da ta ceci Duna. A dunƙule lada a hannu a miƙa masa. Zai sunsuna, ya tura da hanci, kada a buɗe. Da zarar ya janye kansa, a ce "Yauwa" a ba shi wani ladan daga ɗaya hannun. In ya gane, a ajiye ladan a ƙasa a rufe da ƙafa. Daga nan a gwada da takalmi. A ƙarshe a gwada da kaji, yana cikin igiya, kajin suna nesa, a riƙa rage tazarar kullum kaɗan-kaɗan.

5.6 Wurinka: A shimfiɗa buhun algarara a lungun da iska ba ta bugawa. A jefa lada a kan buhun a ce "wurinka". In ya saba, wannan kalma za ta yi amfani lokacin da baƙi suka yi sallama, ko ana cin abinci, ko an shimfiɗa tabarmar salla.

6.0 Wasannin Tsakar Gida

Kafin a fara kowane wasa, a yayyafa ruwa a wurin don ƙura ta kwanta. Wannan zai kare hancin kare da ƙirjin mai shi, kuma wari ya fi kama ƙasa mai danshi fiye da busasshiya.

6.1 Wasan ƙoƙo uku: A kife ƙoƙuna uku ko tsofaffin kwanoni, a sa lada a ƙarƙashin ɗaya yana gani, a ce "nemo". In ya ƙware, a riƙa jujjuya su, sannan a ƙara yawansu.

6.2 Ɓoye-ka-nemo: A ce masa "tsaya" a zaure, a je a ɓoye gutsattsarin abinci a wurare biyar ko shida: bayan turmi, gindin randa, ƙarƙashin itacen girki. Sannan a sake shi. Ranar farko a sauƙaƙa, daga baya a tsananta. Abincin da Duna kan lashe cikin minti ɗaya a kwano, da wannan hanya sai ya shafe minti ashirin yana nemansa, in ya gama kuma ya je ya miƙe a buhunsa.

6.3 Naɗin tsumma: A barbaɗa abinci a kan tsohon buhu ko zane, a nannaɗe shi, a ƙulle da sassauci. Zai yi ta turawa da hanci da ƙafa har ya warware. Ana kuma iya watsa abincin cikin ƙullin harawa.

6.4 Gora mai huda: A sami gorar roba mai kauri, a cire murfinta da zoben bakinta, a huda ta wuri biyu ko uku, a zuba gutsattsarin ƙuli-ƙuli. Duk lokacin da ya mirgina ta sai ɗaya ya faɗo. A tsaya a kansa, in ya fara yagar robar a karɓe, domin haɗiye ta na iya toshe masa hanji.

6.5 Ja-in-ja: A kitsa tsummokara su zama igiya mai kauri. A bar shi ya kama gefe ɗaya a yi ta ja. Sharaɗi biyu ne: mai kare ne ke fara wasan, kuma in ya ce "saki" a saki. Ana koya "saki" ne ta hanyar tsayar da hannu cik, a nuna masa lada. In haƙorinsa ya taɓa hannu, ko bisa kuskure ne, wasa ya ƙare a nan. Wannan ba wasan ƙananan yara ba ne.

6.6 Tsallake da zagaye: A ɗora taɓarya a kan bulo biyu ya riƙa tsallakewa, a jera bokitai ya riƙa ratsawa tsakaninsu yana bin hannu. Kwikwiyon da bai shekara ba kada a sa shi tsalle mai tsawo, gaɓoɓinsa ba su ƙosa ba.

6.7 Bin sawu: Wannan na Kawu ne, da shi mafarauta ke fara koya wa kwikwiyo. A ɗaure guntun fata ko ƙashi a igiya, a ja shi a ƙasa daga zaure, a zagaya bayan ɗaki, a ɓoye a ƙarshe. Sannan a kawo kare a nuna masa mafarin sawun. A fara da taku goma a miƙe, daga baya a riƙa yin kwana. Ban taɓa ganin Duna cikin farin ciki irin na ranar da ya fara gano fatar nan ba.

Tsarin da na bi shi ne: da hantsi, in sanyi ya ɗan saki, darasin kalmomi na minti goma. Bayan la'asar, wasan hanci na minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ranar da hazo ya yi sauƙi, sai mu zagaya unguwa da shi cikin igiya, domin wasa ba ya maye gurbin miƙe ƙafa gaba ɗaya. Da dare kuma a kulle ƙofa a kwance shi ya sake a tsakar gida.

7.0 Kula da Lafiyarsa a Hunturu

Kare marar lafiya ba ya ɗaukar darasi. Don haka a kiyaye waɗannan:

Ruwa: Iskar hunturu tana busar da jiki. Kada kwanon ruwansa ya bushe, a kuma riƙa sauyawa domin ƙura na taruwa a kai.

Makwanci: Buhu biyu a kan katako ko kwali sun fi siminti. Karen da ke jin sanyi murhu yake nufa ya kwanta cikin toka, a nan yake ƙonewa ko ya ture tukunya. A kashe garwashi kafin a kwanta.

Tafin ƙafa: Yadda faso ke kama mu, haka tafin ƙafarsa ke tsagewa. A shafa masa ɗan man kaɗanya.

Abincin da ba a ba shi: albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini. Cakulan da goro suna ɗauke da sinadaran da ke cutar da zuciyarsa. Inabi na iya taɓa ƙodarsa. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya soke shi. Gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna guba ne ga hantarsa.

Rigakafi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suke ɗauka. Tun a 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa ɗan Adam allurar wannan ciwo, kuma a nan gida Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ta daɗe tana sarrafa allurar karnuka. A kai kwikwiyo wurin likitan dabbobi in ya kai wata uku, a kuma riƙa sabuntawa duk shekara ko yadda likita ya tsara. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar. In alamun ciwon suka riga suka bayyana, da wuya a tsira. Kada a fara wasan ja-in-ja da karen da ba a yi wa allura ba.

8.0 Kammalawa

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, makon farko har na fara karaya. Duna ya ƙara tauna wani takalmin, ni kuma 'yan unguwa suka mayar da ni abin dariya, wai an tura ni jami'a na dawo ina koya wa kare karatu. A mako na biyu ya iya "zauna" da "kwanta". A na uku haushin dare ya ragu, har maƙwabcinmu mai kaji ya tambaya ko an sayar da shi ne. Ramukan jikin katanga kuwa tun da aka cike su bai sake tonawa ba.

Ana gobe zan koma makaranta, mahaifinmu ya sa aka ɗauko masa kujera ya zauna a tsakar gida, ya ce a buɗe akurkin kajin Inna. Na ce wa Duna "wurinka", ya je ya kwanta. Kaji suka fito suna kiwo, wata ta zo har gab da buhunsa. Kunnuwansa suka miƙe, jikinsa ya ɗauki rawa. Na ce, "Bari." Ya dube ta, ya dube ni, ya sauke haɓarsa a kan ƙafafunsa. Mahaifinmu ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "To, a bar shi. Amma in ka tafi wa zai ci gaba?" Kafin in buɗe baki ƙanena ya ce, "Ni, Baba." Har yanzu shi ke yi, kuma har yanzu ba ma barin Duna shi kaɗai da 'yan tsaki, domin horo yana danne hali ne, ba ya kankare shi.

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa ɓarnar da kare ke yi a hunturu ba daga mugunta take tasowa ba, daga rashin abin yi ne, kuma rabin awa a kullum, da ƙoƙo uku da tsumma da ɗan ƙuli-ƙuli, sun fi sarƙa da sanda amfani. Duk wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana, kuma amanar ba ta tsaya ga ci da sha ba. Shawarata ga masu karnuka ita ce kada a jira sai an kashe kajin maƙwabta, domin masu iya magana sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, akwai fage a buɗe: tsofaffin mafarautanmu suna da kalmomin kiran kare da na tura shi da na tsawata masa, da sunayen da suke raɗa masa, da dabarun horo da suka gada. Wanda ke neman batun kundin kammala digiri, ya ɗauki littafi da biro ya je ya zauna da su tun suna raye.